Furfura Ko Katin Unguwa: Wa Ya Cancanci Fifiko A Gidan Silima?

Gabatarwa

Duk ɗan da ya tashi a gidan Bahaushe, idan aka tambaye shi ko ya dace a bar tsoho a tsaye alhali yaro yana zaune, ba zai tsaya dogon tunani ba kafin ya ba da amsa. Tun yana ƙarami aka koya masa cewa idan babba ya shigo zaure sai a miƙe a gyara masa tabarma, idan kuma aka haɗu da dattijuwa a bakin rijiya sai a karɓi guganta a ja mata. Saboda haka mai karatu zai iya yin mamaki idan ya ji cewa a wasu garuruwa na ƙasar Amurka, musamman a jihohin Fulorida da Arizona inda tsofaffi suka yi yawa, tambaya mai kama da wannan takan zama abin ja-in-ja tsakanin maƙwabta. Tambayar ita ce: idan gidan silima na gari ya cika maƙil, shin mazauna unguwar 'yan ritaya da ke kusa sun cancanci a fara sayar musu da tikiti, ko a keɓe musu kujeru, kafin a waiwayi sauran jama'a?

A kallon farko amsar ba ta da wuya. Ai tsofaffi ne, a ba su mana. To amma idan aka zauna aka tankaɗe maganar aka rairaye, za a ga cewa abubuwa biyu ne aka zuba a buhu ɗaya. Na farko shi ne haƙƙin da mutum yake da shi saboda shekarunsa da raunin jikinsa. Na biyu kuwa shi ne gatan da yake nema saboda unguwar da ya sayi gida a cikinta. Ra'ayin da zan kare a wannan muƙala shi ne, na farkon haƙƙi ne da ya wajaba a bayar tun kafin a roƙa, na biyun kuwa bai kamata a bayar da shi ba ko da an roƙa.

Mece Ce Unguwar 'Yan Ritaya?

Yana da kyau mu fara fahimtar wurin da ake magana a kansa, domin kuwa babu irinsa a ƙasar Hausa, kuma da yawa kan ɗauka gidan gajiyayyu ake nufi. Gidan gajiyayyu wuri ne da ake kai tsohon da ba ya iya kula da kansa. Unguwar 'yan ritaya kuwa gari ne sukutum da wani kamfani ya gina, da gidaje da tituna da kantuna da filayen wasanni, ya kuma sa sharaɗin cewa sai mai shekaru kaza zai zauna a ciki. Mutum da kuɗinsa yake zuwa ya sayi gida, galibi bayan ya sayar da gidan da ya yi rayuwar aiki a cikinsa a wata jiha mai sanyi.

An fara irin wannan gini a Arizona da wani ƙaramin gari mai suna Youngtown a 1954. Amma wanda ya yi fice shi ne Sun City, wanda kamfanin Del Webb ya buɗe ranar 1 ga Janairun 1960, inda mutane kimanin 100,000 suka yi tururuwa zuwa kallon gidajen a kwanaki ukun farko. Daga nan sai abin ya zama sana'a. Dokar Amurka ma ta ba shi mazauni. A 1988 an yi wa dokar gidaje ta 1968 gyara, aka hana mai gida ƙin sayarwa ko ba da haya ga iyali don kawai suna da yara ƙanana, amma aka yi togaciya ga gidajen tsofaffi. Wata doka ta 1995 ta fayyace sharaɗin: muddin kashi 80 cikin 100 na gidajen unguwa akwai aƙalla mutum ɗaya mai shekara 55 ko fiye a cikinsu, to unguwar tana da damar hana masu yara zama. A lura da wannan adadi, wato shekara 55, domin za mu dawo kansa.

Mafi girma daga cikin irin waɗannan garuruwa shi ne The Villages da ke tsakiyar Fulorida, wanda ya shimfiɗu a gundumomi uku, wato Sumter da Lake da Marion. Asalinsa ɗan fili ne na gidajen tafi-da-gidanka da Harold Schwartz ya mallaka a shekarun 1970. Ɗansa H. Gary Morse ya karɓi ragamar a 1983, ya mayar da wurin abin da ya zama. Ƙidayar 2020 ta nuna cewa gundumar Sumter ta tashi daga mutum kimanin 93,000 a 2010 zuwa kusan 130,000, ƙarin kashi 39 cikin 100 ke nan, wanda babu wani yankin birni a Amurka da ya kai shi saurin bunƙasa a waɗannan shekaru goma. Fiye da rabin mutanen gundumar sun haura shekara 65. A mafi yawan sassan garin, wanda bai kai shekara 19 ba ba ya zama, sai dai ya zo ziyarar kakanni, ita ma kada ta wuce kwana 30 a shekara. Mazauna suna zirga-zirga ne a cikin ƙananan motocin filin golf, a kan hanyoyin da aka yi musamman dominsu.

Kamfanin ya gina manyan dandali uku, Spanish Springs da Lake Sumter Landing da Brownwood, kowanne da kantuna da gidajen abinci da makaɗa da yamma, kuma kowanne an gina masa gidan silima. Abin lura shi ne, waɗannan dandali a buɗe suke ga kowa. Ba a tambayar kati kafin a shiga. Wuraren ninƙaya da zaurukan shaƙatawa da ƙananan filayen golf su ne na mazauna kaɗai, domin su suke biyan kuɗinsu wata-wata, kuma a can ne ake nuna katin shaida.

Inda Gizo Ke Saƙa

Ruwa ba ya tsami banza. Cunkoson da ke haifar da wannan ƙorafi yana da dalilai sanannu. Babbansu shi ne hunturu. Daga watan Janairu zuwa Maris dubban tsofaffi daga arewacin Amurka da Kanada sukan gudo wa dusar ƙanƙara su sauko Fulorida, har Amurkawa suka laƙaba musu suna tsuntsayen ƙanƙara. Kamar 'yan cirani suke, sai dai su hutu ya kawo su. A waɗannan watanni tituna da asibitoci da gidajen abinci duk sukan cushe, balle gidan silima a makon da aka saki sabon fim.

Dalili na biyu daga masu silimar yake. A shekarun 2010 manyan kamfanonin silima na Amurka sun ciccire tsofaffin kujeru suka sa manya masu kwanciya, abin da yakan rage yawan kujerun ɗaki da rabi ko ma fiye. A lokaci guda kuma aka koma sayar da tikiti ta intanet, inda mutum zai zaɓi lambar kujerarsa tun kwanaki kafin ranar kallo. Wannan ya sauya ma'anar layi. A da wanda ya riga zuwa bakin taga shi ke samu. Yanzu wanda ya riga latsa waya shi ke samu, kuma ba kowane ɗan shekara 80 ne ya saba da wannan ba. Dattijo zai yi wanka ya shirya, ya iso da wuri kamar yadda ya saba tun yana saurayi, ya tarar an sayar da komai sai layin gaba, inda mutum zai yi sa'a biyu yana ɗaga wuya. A silima dai, saɓanin wurin taro, kujerar gaba ita ce ta wanda ya makara.

Hujjojin Masu Neman Fifiko

Rashin adalci ne a yi watsi da ƙorafin mazauna ba tare da an saurare su ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Hujjarsu ta farko ita ce, ba don su ba da babu silimar. Kafin a gina unguwarsu wurin makiyaya ce ta shanu da gonakin kankana. Kuɗinsu ne ya jawo kantuna da likitoci da gidajen kallo. A ƙarƙashin wata dokar Fulorida ta 1980, wadda ta ba kamfanoni damar kafa hukumomin raya yanki, kuɗin tituna da magudanan ruwa na irin waɗannan unguwanni a kan masu sayen gidaje ake ɗora shi, su yi ta biya shekara da shekaru. Saboda haka sukan ce: mu muka share gona, mu muka yi shuka, yaya za a yi ranar girbi mu koma bayan layi?

Hujja ta biyu ita ce ta amana tsakanin mai saye da mai sayarwa. Lokacin da ake tallata musu gidajen, hotunan dandalin da na silimar aka nuna musu, aka ce ga irin rayuwar da za su saya. Wasu sun zuba duk abin da suka tara a rayuwa. Idan mutum ya ga abin da aka yi masa talla da shi ya fi ƙarfinsa saboda cunkoson waɗanda ba su biya abin da ya biya ba, dole ransa ya sosu.

Ta uku ita ce ta jiki, kuma ita ce mafi ƙarfi. Tsayuwar minti 30 a layi wasa ce ga matashi, amma azaba ce ga mai ciwon gwiwa ko mai hawan jini. Da yawa daga cikin tsofaffi ba sa tuƙi da dare saboda raunin ido, wasu ma sun ajiye babbar mota gaba ɗaya. Matashin da bai samu tikiti ba zai iya tuƙawa zuwa Ocala ko Leesburg ya kalli fim ɗinsa. Tsohuwar da ƙaramar motar golf ce kaɗai abin hawanta, silimar dandali ita ce iyakarta. Daɗin daɗawa, fita kallo ga tsoho ta wuce nishaɗi kawai. A 2023 babban jami'in lafiya na Amurka, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi cewa kaɗaici ya zama matsalar lafiyar al'umma a ƙasar. Ga wanda matarsa ta rasu, 'ya'yansa kuma suna wata jiha, zuwa silima ranar Talata yana iya zama shi ne kaɗai dalilin sa takalmi a makon.

Me Ya Sa Ban Gamsu Ba

Mu fara da maganar kuɗi. Gaskiya ne mazauna sun biya, amma sai a tambaya: me suka biya? Sun biya kuɗin gida, sun samu gida. Suna biyan kuɗin wata-wata na wuraren shaƙatawa, kuma an rufe waɗannan wurare ga kowa sai su, babu mai jayayya da haka. Gidan silima kuwa kasuwanci ne da ke rayuwa da kuɗin tikiti, kuma dalar mai gida a unguwar da dalar mai wanke-wanke daga Wildwood darajarsu ɗaya a aljihun mai silima. Idan aka yarda cewa wanda zuwansa ya haɓaka gari yana da haƙƙin shiga gaban kowa a kasuwar garin, to ina za a tsaya? Da wannan hujjar sai a ba su fifiko a kantin magani da gidan mai da ɗakin jiran likita, tun da duk saboda su aka gina. Bugu da ƙari, su ma mutanen waje su suke riƙe waɗannan wurare da rani, lokacin da tsuntsayen ƙanƙara suka koma arewa, kujeru suka zama wayam. Ba daidai ba ne a yi marhabin da kuɗin mutum a watan Yuli a ce ya koma baya a watan Fabrairu.

Akwai kuma wani abu da masu ƙorafi ba su cika son faɗa ba. Kaso mai yawa na cunkoson hunturu daga cikin unguwar yake fitowa: masu gidajen da ba sa zama sai lokacin sanyi, da 'yan haya na wata biyu ko uku, da baƙin da suka zo wurinsu. Ko da an kori duk wani baƙon fuska, ɗakin mai kujera 100 ba zai ɗauki mutum 300 masu kati ba.

Sannan mu dubi su wane ne waɗannan mutanen waje. Ba daga wata ƙasa suka zo ba. Su ne ma'aikatan jinya da masu yankan ciyawa da masu gyaran rufi da masu kawo abinci tebur, waɗanda dokar shekaru da tsadar gidaje suka hana su kwana a garin da suke yini suna yi wa hidima. Kamfanin da kansa ya san ba zai rayu ba sai da su, shi ya sa aka buɗe makaranta a shekarar 2000 domin 'ya'yan ma'aikatansa. To, matar da ta yini tana juya marar lafiya a kan gado, ta zo da 'ya'yanta biyu kallon fim daren Asabar, wanda shi ne kaɗai lokacin hutunta, da wane baki za a ce mata ta jira sai masu kati sun gama zaɓa? Ɗan ritaya yana da Litinin zuwa Juma'a, safe da rana. Ita ba ta da su.

Wani rukunin na mutanen waje shi ne ya fi damuna, wato tsofaffin da aka haifa a yankin tun kafin a aza tubalin farko. A ƙaddara mata biyu sun iso bakin taga, tikiti ɗaya ya rage. Ɗaya shekararta 58, yanzu ta taso daga filin wasan tanis, tana riƙe da katin unguwa. Ɗayar shekararta 82, tana dogara sanda, ta zo daga wani ƙauye da ke gefen Wildwood, inda iyayenta da kakanninta suke kwance. Dokar fifikon mazauna za ta ba ta farkon tikitin. A nan ne za a ga cewa dokar ba furfura take girmamawa ba. Abin da take dubawa shi ne takardar mallakar gida, kuma shekara 55 da ake shiga unguwar da ita ba shekarun gajiya ba ne. Duk hujjar ciwon gwiwa da kaɗaici da aka kawo a sama ta fi hawa kan tsohuwar ƙauye, wadda ba ta da zauren shaƙatawa ko ƙungiyoyin da mazauna unguwar suke da su birjik.

Tarihi ma yana da abin cewa. Har zuwa farkon shekarun 1960, a jihohin kudancin Amurka, har da Fulorida, baƙar fata yakan shiga silima ne ta ƙofar gefe ya hau bene, idan ma an yarda ya shiga ke nan. Dokar 'yancin ɗan ƙasa ta 1964 ta ambaci gidajen silima da sunansu cikin wuraren da aka haramta wariya saboda launi ko addini ko asali. Wannan doka ba ta yi maganar unguwa ba, don haka ba ina cewa mai silimar da ya fifita masu kati ya taka ta ba ne, kuma ba ina zargin mazauna da mugun nufi ba. Sai dai mafi rinjayen mazauna The Villages fararen fata ne masu abin hannu, alhali garuruwan da ke kewaye suna da baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka da talakawan fararen fata. Layi biyu a bakin taga ɗaya, ɗaya na masu kati ɗaya na marasa shi, zai fito da wani hoto da tsofaffin yankin ba su manta da shi ba. Halalcin abu a doka daban, dacewarsa daban.

Akwai darasi kuma daga Sun City. Mazaunanta sun sha kaɗa ƙuri'ar ƙin amincewa da bashin gina makarantu a yankin Peoria, bisa hujjar cewa su ba su da yara a makaranta, har a shekarun 1970 aka cire garin daga hukumar makarantun yankin domin a samu a yi gini. Na kawo wannan ne don a ga inda tunanin namu da nasu yake kaiwa. Unguwar da ta ce ba ruwanta da makarantar 'ya'yan maƙwabta, sannan ta ce maƙwabtan su ba ta hanya a wurin kallo, tana neman ta ci riba biyu ne. Maƙwabtaka kuwa ba ta ɗorewa a haka, musamman ga mutanen da ranar da ciwo ya kayar da su, ɗan maƙwabcin ne zai tuƙo motar asibiti.

Kada kuma a manta cewa tsufa a Amurka ba shi ne talauci kai tsaye ba kamar da. A 1959 kimanin kashi 35 cikin 100 na masu shekara 65 zuwa sama suna cikin talauci. Saboda tsarin fansho na ƙasa da aka kafa a 1935 da inshorar lafiyar tsofaffi ta 1965, adadin ya sauko zuwa kimanin kashi 10 a 'yan shekarun nan. Wannan kashi 10 ɗin ba su ne ke sayen gida kusa da filin golf ba.

Abin Da Furfura Ta Cancanta

Duk wannan ba ya nufin a bar tsoho ya yi ta kokawa da matasa a bakin ƙofa. Ƙasashe da dama sun tsara yadda za a girmama shekaru ba tare da an tambayi adireshi ba. A Birazil dokar tsofaffi ta 2003 ta ba duk mai shekara 60 rangwamen aƙalla rabin kuɗin tikiti a wuraren nishaɗi da al'adu, tare da damar shiga kafin sauran jama'a. A Filifin dokar 2010 ta ba su rangwamen kashi 20 cikin 100, har da silima, da layi na musamman a wuraren hulɗa. A Japan tun 1973 aka fara keɓe wa tsofaffi kujeru a jiragen ƙasa na Tokyo. A ita kanta Amurka, wata kotun ɗaukaka ƙara a Kalifoniya ta yanke hukunci a 1991 cewa rangwamen da gidajen silima ke yi wa tsofaffi da yara ba wariya ba ne. Dokar naƙasassu ta 1990 ta wajabta tanadin wurin keken guragu, wata ƙa'ida ta 2016 kuma ta wajabta wa gidajen silima samar da na'urorin rubuta magana domin masu raunin ji da na bayyana hoto domin masu raunin gani. A 2020, lokacin annobar korona, manyan kantuna sun keɓe sa'ar farko ta safiya ga tsofaffi, kuma ba a ji wani ya ce an zalunce shi ba. Dalili kuwa shi ne kowa ya san cewa idan da rai shi ma zai kai. Gatan shekaru layi ne da kowa yake ciki, wani yana gaba wani yana baya. Gatan unguwa kuwa, mai yankan ciyawa zai iya yin shekara 40 yana aiki bai taɓa shiga layinsa ba.

Mu ma nan gida ba baƙi ba ne ga wannan matsala. Wanda ya taɓa ganin 'yan fansho a layin tantancewa cikin rana, ko dattijo a cunkoson banki ƙarshen wata, ya san cewa girmamawar da muke taƙama da ita a zaure ba kullum take bin mu zuwa bakin taga ba. Amma aƙalla idan matashi ya kauce wa tsoho a layi, ba ya tambayarsa daga wace unguwa yake.

Sai dai ko gatan shekarun yana da iyaka a wuri irin gundumar Sumter. Idan fiye da rabin jama'a sun haura 65, layin tsofaffi shi ne zai fi kowane layi tsawo, fifikon ya tashi a banza. Birazil ta ci karo da irin wannan, shi ya sa a 2017 ta ƙara wa dokarta cewa masu shekara 80 zuwa sama su za a fara saurara a cikin tsofaffin ma. Wannan yana nuna cewa ma'aunin da ya fi dacewa shi ne buƙatar jiki. Mai sanda da mai keke da mai jan tukunyar iskar numfashi su shiga da farko, a zaunar da su a bakin hanya kusa da ƙofa, ko daga ina suka fito. A sa benci a wurin jira. A riƙe wani kaso na tikiti kada a sake shi a intanet, domin wanda zai zo da ƙafarsa ko ya bugo waya.

Dangane da sauran ƙorafin kuwa, maganinsa yana hannun mazauna da mai silima, kuma bai buƙatar a taɓa haƙƙin kowa. Ɗan ritaya ya mallaki abin da ma'aikaci ba shi da shi, wato lokaci. A ƙara yawan nunin safe da na hantsi a watannin hunturu. Idan kuma mazauna suna son su kalli sabon fim su kaɗai, a tsakanin abokansu, gidajen silima na Amurka sun daɗe suna ba da hayar ɗaki sukutum ga ƙungiya. Unguwar da ke da ƙungiyoyi barkatai ba za ta kasa haɗa mutum 100 su kama ɗaki ranar Laraba da ƙarfe 10 na safe ba. A wannan ɗakin suna da cikakken iko su tsaya a ƙofa su tambayi kati, domin sun biya kuɗin kowace kujera. Zaurukan shaƙatawarsu ma suna nan, kuma babu wanda zai hana su nuna fim a ciki. Mai silima zai samu ciniki a sa'o'in da a da kujeru suke zama babu kowa, daren Juma'a da na Asabar kuma ya sayar wa duk wanda ya riga nema.